Bishop Samuel Ajayi Crowther da Ma'aikatansa na Bakin Kwara

Duk wanda ya tashi daga Kuje da sassafe, ya bi ta Gwagwalada, ya wuce Kwali da Abaji da Koton Karfe, kafin rana ta take zai iske kansa a Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Yawancinmu muna tsayawa a can ne domin mu sayi kifi, mu miƙe ƙafa, mu wuce. Kaɗan ne ke tuna cewa a wannan gari aka kafa ɗaya daga cikin tashoshin bishara mafi daɗewa a Arewacin Nijeriya, kuma a nan aka fara rushe aikin wani dattijo a kan idonsa, yana da shekara wajen 80 a duniya.

Sunan Bishop Samuel Ajayi Crowther ba baƙo ba ne ga masu karatu. A makaranta an koya mana cewa shi ne bawan da ya zama Bishop, shi ne kuma jagoran fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci. Wannan gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Crowther ya shafe shekara 34 yana shugabancin ma'aikata a bakin kogin Kwara: shi ke ɗaukarsu aiki, shi ke tura su tashoshi, shi ke neman albashinsu, shi ke amsa laifinsu a gaban waɗanda suka aike shi. A wannan fitowa za mu dubi rayuwarsa ta wannan fuska, domin a nan ne nasararsa take, a nan ne kuma aka same shi.

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a garin Osogun, a ƙasar Oyo. A 1821 mahara suka ci garin, suka kama shi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa mata. Aka raba su, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, har akwai lokacin da aka musanya shi da doki. A ƙarshe ya faɗa hannun fatake 'yan Fotugal a Ikko. A watan Afrilu 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin da ke ɗauke da shi, aka sauke shi a Freetown ta ƙasar Saliyo. A can ya koyi karatu da sassaƙa, aka yi masa baftisma ranar 11 ga Disamba 1825, ya ɗauki sunan wani limamin Landan, Samuel Crowther. Shi ne ɗalibi na farko a rajistar makarantar Fourah Bay a 1827. Matarsa Susan, wadda sunanta na asali Asano, ita ma 'yantacciyar baiwa ce, kuma sun yi zaman aure na shekara fiye da 50.

Abin da ya koya a kan ruwa

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku, Albert da Wilberforce da Soudan, su hau Kwara domin ƙulla yarjejeniya da sarakuna a kan hana cinikin bayi. Ƙungiyar mishan ta CMS ta sa mutum biyu a cikin ayarin: Rabaran J. F. Schön, Bajamushe, da malamin makaranta Samuel Crowther. Tafiyar ta zama makoki. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, gonar gwaji da aka buɗe a Lakwaja ta watse. Schön ya koma ya duƙufa kan harshen Hausa, kuma littafinsa na farko na kalmomin Hausa ya fito a 1843. Darasin da CMS ta ɗauka shi ne cewa in za a yi aiki a cikin wannan ƙasa, 'ya'yan ƙasar ne za su yi shi. Aka kira Crowther Ingila, aka naɗa shi limami a 1843.

Ya yi aiki a Badagry da Abeokuta, inda ya sake haɗuwa da mahaifiyarsa a 1846 bayan rabuwar shekara 25, ta kuma karɓi baftisma da sunan Hannatu. A 1854 ya sake hawa kogin tare da Dakta William Baikie a jirgin Pleiad, suka nausa cikin Binuwai. A wannan karo an riƙa shan maganin kwinin kullum, ba a rasa ko mutum ɗaya ba.

Aikin nasa na kansa ya fara ne a 1857. Ya sauke Rabaran J. C. Taylor, ɗan Saliyo mai asalin Ibo, a Anaca, ya bar ma'aikata a Gbebe kusa da mahaɗar kogunan, ya ci gaba da niyyar kaiwa Rabba, daga nan kuma ya nufi Sakkwato. Amma jirginsu Dayspring ya bugi dutse kusa da Jebba ya nutse. Ayarin ya yi kusan shekara guda a bakin gaɓa yana jiran ɗauki. Crowther bai zauna yana ƙirga kwanaki ba: ya shiga koyon Nufanci, ya riƙa ziyartar ƙauyuka, ya kuma san manyan Rabba. Daga wannan zama na dole aka sami littafin koyon karatu na Nufanci a 1860, da nahawu da ƙamus a 1864. Haka halinsa yake. Ko a 1862, da gobara ta cinye gidansa na Ikko tare da takardun kalmomi da karin maganar da ya tara cikin shekara 11, sai ya sake ɗaukar alƙalami ya faro daga tushe.

Ranar 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi Bishop a babbar majami'ar Kantabari. Cikin taron har da Henry Leeke, hafsan jirgin da ya cece shi shekara 42 da suka wuce. Mai wannan shawara shi ne Henry Venn, babban sakataren CMS, wanda ya yi imani cewa Ikkilisiyar kowace ƙasa dole ta riƙe kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta. Sai dai tun daga ranar farko an ɗaure wa sabon Bishop ƙafa ɗaya. Henry Townsend da wasu Turawan mishan na ƙasar Yarabawa sun ƙi zama a ƙarƙashin baƙar fata. Saboda haka aka cire Ikko da Abeokuta da Ibadan daga hannunsa, wato wuraren da ya fi sani, inda akwai makarantu da masu bi da kuɗi. Aka bar masa bakin Kwara, daga teku har ƙasar Nufe, yayin da gidansa ke Ikko, garin da ba shi da iko a cikinsa.

Mutanen da ya yi aiki da su

A nan ya kamata mai karatu ya dakata ya dubi irin ma'aikatan da Crowther ya samu. Kusan dukansu 'yan Saliyo ne, 'yantattun bayi ko 'ya'yansu. Masu zurfin ilimi a Freetown ba su cika son barin birni su tafi bakin kogi ba, kuma kuɗin da CMS ke bayarwa bai isa ya jawo su ba. Don haka Bishop ya riƙa ɗaukar magidanta masu sana'a: kafintoci, dukawa, magina, manoma, waɗanda karatunsu bai wuce na firamare ba amma an san su da riƙon addini a ikkilisiyoyinsu. Yakan ce wa shugabanninsa, a cikin wasiƙunsa, irin waɗannan sun fi dacewa da zama a gaban sarki da dattawan gari fiye da saurayi mai takarda. Ya sa su malaman makaranta da masu bishara, wanda ya nuna ƙwazo kuma ya naɗa shi limami.

Yadda yake bi da su ya bambanta da na zamaninsa. Yakan tara su lokaci lokaci ya yi musu doguwar gargaɗi a rubuce, kamar yadda ya yi a 1866 da 1869 da 1874. A ciki ya hore su kada su raina al'adun mutanen da suka je wa, su koyi karin maganarsu da tatsuniyoyinsu, kada su rushe ƙungiyoyin taimakon juna irin adashi, kada kuma su mai da suturar Turawa sharaɗin shiga Ikkilisiya. Ya nace kowane ma'aikaci ya koyi harshen wurin da yake, ya rubuta abin da ya gani a littafin aikinsa na kullum. Waɗannan rubuce-rubuce suna nan a ajiye, masana tarihi na amfani da su har yau. Mutumin da jiya yake ɗinkin takalma a Saliyo, yau an ce masa abin da ya lura da shi a kasuwar Lakwaja yana da daraja har a aika da shi Landan. Duk wanda ya taɓa riƙe ma'aikata ya san abin da irin wannan amincewa ke yi wa zuciyar mutum.

Amma ga matsalar. Shekara 20 na farko mishan ba ta da jirginta. Bishop yakan jira jirgin 'yan kasuwa, wanda ba ya hawa sai ruwa ya cika da damina, ya tsaya inda cinikinsa yake, ya tashi sa'ad da ya ga dama. Wani lokaci Bishop ya sami kwana biyu a tasha, wani lokaci 'yan sa'o'i. Daga nan sai baɗi. Ma'aikaci yana zaune shi da iyalinsa cikin baƙin mutane wata goma sha ɗaya ba mai duba shi, ba mai ƙarfafa shi, albashinsa kuma sau da yawa kaya ne, atamfa ko gishiri, da sai ya sayar kafin ya ci abinci. Ta haka ciniki ya shiga gidajen ma'aikata, ta hannun matansu da 'yan'uwansu, wani lokaci ta hannunsu. Wanda ya taɓa kula da masu bishara a ƙauyukan bayan Rubochi ko Gwargwada a tsakiyar damina zai gane abin da nake nufi, ko da yake mu muna da babur da waya.

Duk da haka aiki ya ci gaba. An yi baftisma ta farko a Gbebe a 1862. Da yaƙin cikin gida ya lalata garin, aka koma Lakwaja, inda aka buɗe tasha da makaranta a 1865. Bonny ta karɓi mishan a tsakiyar shekarun 1860, Brass a 1868, sa'an nan Kipo, daura da Egga a ƙasar Nufe, a 1876. A Bonny masu bi, yawancinsu bayi ne, sun sha tsanani har wasu suka rasa ransu, ba su kuwa juya baya ba.

Bai tura kowa inda shi ba ya zuwa ba. A watan Satumba 1867 wani basarake mai suna Aboko, a yankin Idah, ya kama shi tare da ɗansa Dandeson, ya kwashe kayansu, ya tsare su kwanaki, ya ce sai an biya fam 1,000 kuɗin fansa. Mu mazauna wannan yanki ba mu bukatar a fassara mana irin wannan dare. Mataimakin jakadan Ingila a Lakwaja, William Fell, ya zo ya ƙi biya, suka ruga zuwa kwalekwale ana harbinsu da kibau. Bishop ya tsira, amma kibiya mai dafi ta sami Fell, ya mutu. Crowther ya ɗauki nauyin wannan mutuwa a zuciyarsa, bai kuwa daina hawa kogin ba.

Zamansa da sarakunan Musulmi abin koyi ne. Ya san cewa ma'aikatansa na Lakwaja da Kipo suna zaune ne a inuwar Etsu Nufe, don haka yakan je Bida da kansa ya yi gaisuwa, tun zamanin Masaba. Ya riƙa raba Littafi Mai Tsarki na Larabci ga sarakuna da malamai. Tun yana saurayi a Saliyo ya gane cewa cin gardama ba ya jawo zuciya, saboda haka ya hana ma'aikatansa zagin addinin kowa. A 1872, a fadar Sarkin Ilorin, aka yi masa tambayoyi a gaban jama'a, ya riƙa buɗe Littafi yana karanta amsa, aka rabu cikin mutunci. Amincin ya kai har a shekarun 1880 Etsu Maliki ya aiko masa da wasiƙa da harshen Hausa, yana roƙonsa ya kai kuka gaban Sarauniyar Ingila a hana shigo da barasa ƙasar Nufe, domin tana lalata jama'arsa. Sarki Musulmi ya rasa wanda zai aika wa Sarauniya sai Bishop. Wannan kaɗai ya isa shaida.

Bango ya tsage

Henry Venn ya rasu a 1873, kuma da shi aka binne kariyar da Crowther ke da ita a Landan. Kasuwar kogin ma ta sauya. A 1879 George Goldie ya haɗe kamfanonin Ingila wuri ɗaya, wanda daga baya, a 1886, ya zama kamfanin Royal Niger mai ikon mulki. Kamfanin ba ya son 'yan kasuwa baƙaƙe daga Saliyo da Ikko, waɗanda yawancinsu 'yan'uwan ma'aikatan mishan ne, cikinsu har da 'ya'yan Bishop. Labaran ɓatanci a kan ma'aikata suka fara isa Landan, wasu daga bakin mutanen da ke da riba in an kore su.

Da aka sami jirgin mishan a 1878, mai suna Henry Venn, ba a damƙa shi a hannun Bishop ba. Aka ba wani Bature, J. H. Ashcroft, wanda ba limami ba ne, aka kuma haɗa masa da harkar kuɗi da kaya. Sa'an nan aka kafa kwamitin kuɗi a Ikko. A 1880 Rabaran J. B. Wood ya zaga tashoshi ya rubuta rahoto mai cike da zargi, aka riƙe shi a asirce, waɗanda aka zarga ba su sami damar kare kansu yadda ya kamata ba. Taron da aka yi a tsibirin Madeira a 1881 ya yi wa Bishop kalamai masu daɗi, amma ikon bai dawo ba. A cikin waɗannan shekaru ne kuma matarsa ta rasu a 1880, mahaifiyarsa ta bi ta a 1883.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ba duk zargin ne ƙarya ba. Akwai ma'aikatan da suka faɗa shaye-shaye da lalata da cinikin da ya shagaltar da su. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Anaca a 1877, inda aka azabtar da wata yarinya har ta mutu a hannun mutanen da ke da alaƙa da mishan. Sai a 1882 aka yi shari'arsu a Saliyo aka ɗaure su, maganar kuma ta kai har majalisar Ingila. Wake ɗaya ke ɓata gari, balle wannan.

A nan ne raunin Crowther ya bayyana. Mutum ne mai tsananin haƙuri da mai laifi. Ba ya hukunci da jita-jita, sai an kawo shaida, a wurin da shaida ke da wuyar samu. In laifi ya tabbata, ya fi son ya yi wa mutum faɗa a keɓe, ya sauya masa tasha, ya ba shi wata dama. Yana kallon ma'aikatansa kamar 'ya'yansa, kuma ya san cewa in ya kori ɗaya, tashar za ta zauna kango shekara ɗaya ko biyu kafin a sami wani. A ganina ya wuce gona da iri. Tausayin da ya yi wa wasu ma'aikata ya zama rashin tausayi ga garken da suke kiwo, ya kuma jawo wa amintattun ma'aikata, waɗanda su ne mafi yawa, baƙin jinin da ba su ci ba. Shigar 'ya'yansa cikin cinikin kogin, ko da halal ne, ta ba masu neman ƙofa ƙofa. Amma wajibi ne a tambaya: wa ya ba shi yanki mai tsawon ɗaruruwan mil ba jirgi, ba makarantar horo, ba isasshen albashi? In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu.

Shi kansa ya nemi gyara. Ya raba aikin biyu, ya sa ɗansa Dandeson ya kula da tashoshin bakin teku, ya sa Henry Johnson, masanin da ya karanta Larabci a ƙasar Falasɗinu, ya zauna a Lakwaja ya kula da na sama, dukansu da muƙamin Acdikin. Johnson ya gina makarantar horar da ma'aikata a Lakwaja, domin a daina dogara ga Saliyo, a tayar da 'ya'yan ƙasa. Maganin ciwon ke nan, sai dai ya zo a makare.

Agusta 1890

A ƙarshen shekarun 1880 wani sabon iri na 'yan mishan ya taso a Ingila: samari masu ilimin jami'a, masu zafin neman tsarki, waɗanda kuma suka girma a zamanin da Turai ke rabon Afirka tana ganin baƙar fata bai isa shugabanci ba. J. A. Robinson ya zama sakataren mishan ɗin Kwara a 1887. Abokinsa Graham Wilmot Brooke, wanda bai wuce shekara 25 ba, burinsa shi ne ya kai bishara ƙasar Hausa. A 1890 suka sauka Lakwaja da ƙaramin ayari, suka sa riga da rawani irin na Hausawa, suka duƙufa koyon harshe. Ba wanda zai ce ba su da himma ko sadaukarwa. Amma sun zo da hukuncinsu a aljihu. Suka dubi ikkilisiyar Lakwaja suka ce ba ta tuba ba, suka hana yawancin masu bi cin Jibin Ubangiji. Aka rufe makarantar da Johnson ya gina, aka sayar wa kamfani da ginin, shi kuma aka ɗauke shi daga Lakwaja.

A watan Agusta na shekarar aka yi taron kwamitin kuɗi a Anaca. Bishop ne shugaban taro, amma rinjaye na hannun samarin. Aka riƙa kawo sunayen limamai da masu bishara ɗaya bayan ɗaya ana yanke musu hukunci, cikinsu har da Rabaran Charles Paul na Kipo, wanda ya daɗe yana riƙe da amanar sarakunan Nufe. Crowther ya tsaya a kan abu ɗaya: limamin da Bishop ya naɗa, ba sakatare ne zai dakatar da shi ba, kuma ba a hukunta mutum sai an ji ta bakinsa. Sakataren, F. N. Eden, ya ce yana da wannan iko daga Landan, har ya dakatar da Dandeson a gaban mahaifinsa. Aka zargi dattijon a fuskarsa da rufa wa mugunta asiri. Mutumin da ya haife su ya haifi iyayensu a shekaru, ya yi aikin bishara tun ba a haifi ko ɗaya cikinsu ba.

Bai ɗaga murya ba. Ya sanar da cewa ya sauka daga kwamitin, ya rubuta wa Landan bayani dalla-dalla, ya kuma ce in ana ganin wani zai fi shi iyawa, a shirye yake ya ba da wuri ya tafi buɗe sabon fili. Hanya mafi sauƙi a gare shi ita ce ya sa hannu a takardar korar, ya ce ma'aikata ne suka ci amanarsa, ya tsira da sunansa. Turawan da kansu sun riƙa cewa shi mutumin kirki ne, na ƙasa da shi ne matsala. Ya ƙi karɓar wannan yabo da za a biya da mutuncin mutanensa. Ga wanda ake zargi da sanyin hali, wannan ba ƙaramar tsayawa ba ce.

Labarin ya tayar da ƙura a Ikko da Freetown. CMS ta janye dakatarwar Dandeson, amma ba ta mayar wa Bishop da ikonsa ba, yawancin waɗanda aka kora kuma ba su dawo ba. Ikkilisiyoyin bakin teku, da Bonny a gaba, suka yanke shawarar riƙe kansu da kuɗinsu, ba tare da barin ɗarikar Anglikan ba. Wasu sun so a ɓalle gaba ɗaya, kuma a Ikko an sami waɗanda suka fita suka kafa tasu ikkilisiya a 1891. Crowther ya goyi bayan riƙon kai, domin abin da Venn ya koya masa ke nan, amma bai yarda da tsagewa ba. Yana cikin wannan shiri ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a watan Yuli 1891. Ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba 1891. Bayan wata huɗu, ranar 29 ga Afrilu 1892, aka ƙaddamar da ikkilisiyar yankin bakin teku mai riƙon kanta a ƙarƙashin Dandeson.

Samarin ma ba su daɗe ba. Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891, tun kafin Bishop, Brooke kuma zazzaɓi ya ɗauke shi a can a watan Maris 1892. Ba su taka Kano ko Sakkwato ba, ikkilisiyar Lakwaja kuwa ta daɗe tana jinyar abin da aka yi mata. Amma adalci ya sa a faɗi cewa domin tunawa da Robinson aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, wadda ta aiko ɗan'uwansa C. H. Robinson har Kano a 1894, ya kuma wallafa ƙamus na Hausa a 1899. Bishop Herbert Tugwell da Dakta Walter Miller sun isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su, daga baya Miller ya zauna a Zariya, aikin da ya haifi Wusasa. Lakwaja kuwa ƙofa ce da kafintoci da dukawan Crowther suka riƙe a buɗe shekara 25.

Bature aka naɗa a gurbinsa, J. S. Hill, aka ba 'yan ƙasa biyu, Isaac Oluwole da Charles Phillips, muƙamin mataimakan Bishop a 1893. Sai da aka yi kusan shekara 60 kafin baƙar fata ya sake riƙe dayosis na kansa a ɗarikar Anglikan a Nijeriya. Jikansa ta wajen 'yarsa Abigail, Herbert Macaulay, ya zama ɗaya daga cikin iyayen gwagwarmayar neman 'yancin ƙasa. A 1965 Farfesa J. F. Ade Ajayi ya wallafa tarihin mishan a Nijeriya daga 1841 zuwa 1891, inda ya bi takardun CMS ya nuna yadda aka yi ta zare ikon Bishop zare ɗaya bayan ɗaya tun kafin taron Anaca.

A watan Yuni 2014, da aka cika shekara 150 da keɓe shi, aka yi sujada a majami'ar Kantabari, wurin da aka ɗora masa hannu. Akbishop Justin Welby ya tsaya a gaban jama'a, cikinsu har da zuriyar Crowther, ya amsa cewa Ikkilisiyar Ingila ta zalunci wannan bawan Allah, ya bayyana kunya da tuba a madadinta. Shekara 124 ke nan bayan taron Anaca.